Harajin Haske

A shagon Usta Mudassir, bayan kasuwar Wad Madani,
inda fanka ke juyi kamar an tilasta mata,
ya kwance ta a kan farin ƙyalle,
ya jera gilasai ashirin da ɗaya
a hankali, kamar mai ƙirga ƙwan zabi.

Ya ce, "Kowane gilashi ɗan kwastan ne.
Haske zai wuce, amma sai ya biya.
Kana son ta kai milimita ɗari shida?
To ƙofar haske za ta tsuke.
Kana son ƙofar ta zauna a wangale?
Sai bakinta ya kai faɗin faifai,
nauyinta ya kai na ɗan akuya,
kuɗinta kuwa, je ka sayar da gonarka ta Mai Wurno
ka dawo mu yi magana."

Na ce ni dai ta ba ni kusa da nesa a hannu ɗaya.
Ya yi dariya har shayinsa ya zuba.
"Mai zuƙowa da turawa ai 'yar sulhu ce.
Wadda aka ƙera don nisa guda ta fi ta kaifi,
amma ba ta san komai ba sai nisan nan.
Taka ta san hanyoyi da yawa,
kowace hanya da ɗan hazo a gefenta.
In ta miƙe tana shaƙar iska kamar zugazugi,
rairayi ya shiga ya kwana a ciki.
Wadda ba ta miƙewa ba ta shaƙa,
sai dai ba ta shiga jaka.
Taura biyu ba sa taunuwa, zaɓi ɗaya."

Na zaɓi mai sauƙin ɗauka, mai ƙaramar ƙofa.
Na biya rabi, rabi sai an sayar da riɗi.

Asuba, ƙasan madatsar Sennar.
Ruwa launin toka, sama ba ta gama farkawa ba.
Can ƙetare gauraka biyu a kan yashi,
ɗigo biyu, ba su fi ƙwayar gero ba.
Na murɗa, na murɗa, suka taso gare ni
har na ga rawayar tukkun a kansu.
Amma hasken ya ƙare a hanya,
'yan kwastan sun karɓe rabonsu.
Na jinkirta ƙyaftawar don ta sha haske,
sai bugun zuciyata ya shiga hoton,
numfashina ya zama girgizar ƙasa.
Ƙafa ukun na bar ta gida, don ta yi mini nauyi.

Na jira rana.
Da ta fito, haske ya wadata,
sai zafi ya tashi daga yashin yana rawa,
gaurakan suka narke kamar man shanu a kasko.
Wannan ba laifin gilashi ba ne,
iskar da ke tsakaninmu ma tana da nata kason.

Sakinatu, 'yata, tana riƙe da jakar.
Ta ce, "Baba! Baba, ka gani?"
Ban gani ba.
Taku goma daga ƙafata gaggafa ta sauko,
ta suri kifi, ta watsa mana ruwa a riga,
ni kuwa idona na can ƙetare,
cikin da'irar da ba ta fi bakin kofi ba.

Hoto tamanin da huɗu na ɗauka ranar.
Uku sun fito.
A ɗayan, gauraka ta ɗaga ƙafa guda,
gefen fiffikenta da ɗan shuɗin da babu shi a jikinta.

Muna komawa a bayan motar albasa,
kafaɗata tana zogi,
Sakinatu tana zana gaggafar da biro a bayan rasit ɗin Usta,
ta yi kifin ya fi tsuntsun girma.